Sakin da Bai Saku Ba

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara da jikoki baki ɗaya. Yaya ƙafar nan taki? An ce likita ya hana ki hawa bene, ke kuma kin ce ba a haifi likitan da zai hana ki leƙa ɗakin jikokinki ba. Halinki dai yana nan, Yaya. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce. Mu ma nan sai godiya. 'Yar wajen Auta ta fara tafiya, kuma inda ta fara nufa shi ne kwandon shara, yanzu sai an ɗora shi kan tebur ake samun zaman lafiya. Ɗan farina, Direba, an sauya masa hanya a wurin aiki, ya daina tafiyar kwana, kullum a gida yake kwana. Wannan ya zo mana a kan gaɓa, kamar yadda za ki ji.

Saƙonki ya iso ni ta bakin Auta. Kin ce tun da Allah ya kawo saki, in tattara 'yan kayana in taho wajenki in huta, ɗaki na nan an share. Na san ƙauna ce ta sa kika faɗa, kuma na gode. Sai dai labarin rabi ya zo miki, rabin ma na baya. Shi ya sa na zauna na ɗauki biro, don in ta waya ce, ba za ki bari in kai aya ba sai kin katse ni sau goma.

Rabonki da Baban yara tun ciwon yana sabo, lokacin da yake ajiye tabarau a firij muna yi masa dariya, shi ma yana taya mu. Yanzu dariya ta ƙare. Likita ya ce ciwon mantuwa ne, ba ya komawa baya, sai dai a lallaɓa. Mutumin da ya kafa duk ƙofofin gidan nan da hannunsa, yau sai na riƙe shi na nuna masa wadda ke kaiwa banɗaki. Ni ke yi masa wanka, ni ke yi masa aski, ni ke yanke masa farce, ni ke zama da shi har ya gama cin abinci. Da safe yakan ɗan dawo hayyacinsa, ya gaisa da mutane daidai, har baƙo ya rantse lafiyarsa lau. Amma da rana ta karkata sai komai ya dagule. Yawancin ranaku bai san ni ba. Ɗaukata yake wata baiwar Allah da ke shigowa taimako, haka ma yake kirana, cikin ladabi. Tunaninsa ya je ya tsaya cak a makon da aka kai ni asibiti haihuwar Direba, a can yake zaune, yana jiran a zo masa da labari.

Ranar da abin ya faru, bayan la'asar ne. Ƙaninsa, wanda yara ke kira Baba Ƙarami, ya zo dubiya yana zaune a falo. Baban yara ya ɓata rigarsa da shayi, na ja shi ɗaki in canja masa. Ina kai hannu kan maɓalli sai ya riƙe wuyan rigar gam, ya ce in ji tsoron Allah, shi magidanci ne, matarsa na asibiti za ta haihu, a kan me zan tuɓe masa riga. Likita ya sha gaya mini kada in yi musu da shi in ya shiga wannan hali, in bi shi a hankali har ya sauko. To ranar na gaji tiɓis, bayana kamar zai ɓalle, ga tukunya a kan wuta, kin kuma san bakina. Sai na ce masa ni ce matar tasa, ya buɗe ido ya dube ni da kyau, babu wata mata a asibiti. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce matarsa yarinya ce, shi bai san ni ba, amma in dai na nace ni matarsa ce, to ya sake ni. Da ƙarfi ya faɗa, ya kuma maimaita har sau uku, kamar mai buga ƙusa. Ni ko a jikina, na ci gaba da ɓalle maɓallan. Fitowar da zan yi da rigar a hannu, sai na tarar da Baba Ƙarami a tsaye tsakiyar falo yana salati.

Kada ki zage shi, Yaya, don na san kin riga kin fara. Ba mugu ba ne. Tsohon malamin makaranta ne mai tsananin taka-tsantsan, irin mutanen da ke sake alwala don sun yi kokwanton ko sun wanke kunne. Ya ce da kunnensa ya ji, ba wani ya ba shi labari ba, aure ya ƙare, kuma daga ranar bai halatta in keɓe da yayansa ba, balle in ga jikinsa. Na ce masa mutumin nan fa bai san abin da yake faɗa ba. A nan ne ransa ya ɓaci. Ya ce muddin yana raye babu mai kiran yayansa mahaukaci, ai da safen nan ya gane shi, ya tambaye shi iyali, ya yi sallarsa cif. Sai a lokacin na fahimci inda matsalar take. Yayan nan nasa shi ya raine shi, da zarto da guduma ya yi masa karatu. Ya fi masa sauƙi ya yarda an sake ni da ya yarda hankalin yayansa ya tafi.

Na waiwaya wajen Direba ko zai ce wani abu, amma yaron nan, duk da furfurar da ta fara fito masa a gemu, ba ya iya ɗaga ido gaban ƙanin ubansa. Da na so, da na kafe na ce ba inda za ni, a zo a ɗauke ni. Sai dai ni ma kokwanto ya shige ni. Ni ba malama ba ce. In fa gaskiyarsa ce? In ƙarasa tsufana ina zaman da ba na halal ba? Wannan tsoron ne ya fitar da ni, ba Baba Ƙarami ba. Na haɗa 'yar jaka, na nuna wa Direba inda magunguna suke, na tafi gidan Auta.

Zan gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba. Kwanakin farko a gidan Auta barci na yi, barci irin wanda na manta akwai shi a duniya. Ba mai tashina, ba na saurare ko an taɓa sakatar ƙofa, na farka rana ta fito an ajiye mini shayi. Daɗin da na ji har kunya ya ba ni. A cikin kwanakin nan ne saƙonki ya zo, kuma ba zan ɓoye miki ba, ya shiga raina. Har na tambayi Auta ranakun da mota ke tashi zuwa wajenku.

A can gida kuwa maza biyu sun ɗauki aikin da suke gani kamar ba aiki ba. Wankan farko Baba Ƙarami ya sa wa Baban yara sabulu a ido, tun daga nan in ya ga bokiti sai ya shige ɗaki ya danne ƙofa da bayansa. Abinci ina dafawa ina aikawa, yana dawowa kusan yadda ya tafi. Ajiye masa suke su tsaya a kansa suna cewa ya ci. Shi kuwa ba ya ci sai an zauna kusa da shi ana ci ana hira, kamar ba a damu da shi ba, sannan hannunsa zai bi naka. Na aika musu da wannan bayani, amma abin ba a baki yake ba. Wata safiya ya buɗe ƙofa ya fice ba takalmi. Aka yi ta nema, sai can aka same shi a tsohon shagonsa, wanda yanzu ya zama wurin sayar da waya, yana rigima da samarin wurin wai ina suka kai masa teburin aiki. Kwalba ta yanke shi a dunduniya. Da na ji, na kasa zama, na je na tsaya ta tagar falo daga waje kamar ɓarauniya, a gidan da na raini 'ya'yana duka. Na hango shi a kujera, riga a juye, abinci ya bushe a gemunsa, ya rame har wuya ya fito. Daga ranar barcin nan mai daɗi ya ƙaurace mini.

Auta na da maƙwabciya lauya, yarinya ce amma akwai natsuwa. Ita ta zaunar da ni ta ce wannan magana ba Baba Ƙarami ne zai yanke ta ba, ba Direba ba, ba ni ba, alƙali ne, kuma alƙali zai nemi shaidar likita. Washegari na kama hanyar asibiti, inda na yi shekaru ina kai Baban yara, inda har masu shara sun san ni muna gaisawa. Ma'aikacin da ke zaune a tebur ya sunkuyar da kai ya ce in yi haƙuri, an sanar da su ni ba matarsa ba ce yanzu, kuma ba sa ba da bayanin mara lafiya sai ga mai haƙƙi. Na koma kan benci na zauna na yi ta dariya har hawaye suka zubo. Ni da na san adadin tabon da ke jikin mutumin nan, wai ni ce ba ni da haƙƙin jin lafiyarsa. A ranar dai Direba ya yi ta maza, ya bar aiki ya zo ya tsaya har likita ya rubuta abin da ya sani.

Lauyar ta gargaɗe ni tun kafin mu je. Ta ce in ina son aurena ya tsaya, to sai na buɗe baki a gaban mutane na faɗi duk abin da nake ɓoyewa. Wannan ya fi komai yi mini nauyi. Shekaru ina rufa masa asiri. In ya yi ɓarna a shimfiɗa, kafin yara su shigo na wanke na shanya a bayan gida. In baƙo ya zo, ni ke raɗa masa sunan baƙon tun daga ƙofa. Ashe rufin asirin nan nawa shi ya sa ƙaninsa bai san inda ciwon ya kai ba, ya zo yana neman raba ni da shi.

Da hantsi aka kira mu. Ɗaki ne ɗan ƙarami, benci huɗu da fanka mai ƙara. Direba ya shigo da mahaifinsa sanye da farar rigar nan tasa da na goge na aika. Ya yi sallama, ya gaida alƙali gaisuwa ta dattako, ya zauna. Zamansa ke da wuya ya ji bencin na rawa, sai ya sunkuya ya shafa ƙafarsa, ya ce wanda ya haɗa wannan gaggawa ya yi, bai bari gam ya kama ba. Baba Ƙarami ya washe baki yana duban kowa. Alƙalin dattijo ne mai haƙuri, bai yi gaggawa ba. Ya biye wa Baban yara suka yi hirar katako, wane ne ke jure ruwa, wane ne gara ke ci. Sannan ya nuna Baba Ƙarami ya tambaye shi ko ya san shi, ya ce ai ƙaninsa ne, tun yana ƙarami akwai son karatu. Ya nuna Direba, sai ya ce a gafarce shi, bai san wannan dattijon ba. Da aka nuna ni, ya ce baiwar Allah ce mai taimako, ba ta da laifi, sai dai ta faye shiga ɗakinsa, shi kuma ba ya son matarsa ta dawo ta tarar da abin da zai ɓata mata rai. Ya ce haihuwarta ce ta fari, ya riga ya haɗa wa jaririn ɗan gado, don haka yana roƙon alƙali ya sallame shi da wuri ya je ya dubo ta. Jaririn kuwa ga shi nan zaune kusa da shi ya kifa kai a gwiwa. Baba Ƙarami ya cire tabarau ya riƙe, ya kasa mayarwa.

Duk da haka sai da aka ce in yi magana, na kuma yi. Na faɗi wankan, na faɗi shimfiɗar, na faɗi ranar da ya sha ruwan wanki, na faɗi yadda yake kuka in ya ga fuskarsa a madubi ya zaci wani tsoho ne ya shigo masa gida.  Shi kuma yana saurare yana girgiza kai cike da tausayi, can sai ya ce Allah ya ba wannan bawan Allah da ake magana a kansa lafiya. Alƙali ne kaɗai ya amsa da amin.

Hukuncin bai ɗauki lokaci ba. Alƙali ya ce sakin mutumin da bai san abin da yake faɗa ba bai auku ba, aurena yana nan daram. Ya naɗa Direba ya zama mai tsaya wa mahaifinsa a duk abin da ke buƙatar sa hannu, na asibiti da na gida, da sharaɗin ba zai yanke komai ba sai da shawarata. Jinya kuma ya bar ta a hannuna, amma ya juya ya gaya wa mazan nan biyu cewa barin mace ɗaya da wannan nauyi zalunci ne, dole su riƙa karɓata ina hutawa. Na zaci an gama, sai ya dube ni ya ce akwai haƙƙina guda da yake so in sani: in na ga ba zan iya ba, ina iya neman a raba auren ta hanyar da ta dace, kuma babu mai zargina. Ya ce in yi tunani, ba dole sai yau ba. Wallahi, Yaya, a wannan ɗan lokacin ke na tuna, da barcin gidan Auta. Sannan na ce ina nan. Ba don ni waliyyiya ce ba, kin fi kowa sanin ba ita ba ce. Kawai na duba ne na ga mutumin nan bai sake ni don ya gaji da ni ba. Ya kori wata tsohuwa ce don kada ya ci amanata.

Kowa ya ce na ci shari'a, Auta har da rungume ni a bakin ƙofa. Amma da baƙin ciki na fito, don kafin mu tashi alƙali ya yi bayanin cewa daga yanzu maganar Baban yara ba ta ɗaure kowa, ko ciniki, ko kyauta, ko alkawari, ko saki. Kin san shi. Tsawon zamansa a shago bai taɓa rubuta yarjejeniya da kowa ba, in ya ce ranar kaza za a zo a ɗauki kujeru, to an gama. Ni ce na tsaya da bakina a gaban jama'a har aka tabbatar maganar wannan mutumin ba magana ba ce, kuma da haka na sami komawa ɗakinsa.  Baba Ƙarami ya same ni a waje, ya durƙusa, babban mutum da shi, ya ce in yafe masa. Na ce na yafe, amma tun da ya riga ya koyi inda ba a sa sabulu, wankan ranakun hutu nasa ne. Yana zuwa kuwa, bai taɓa fashi ba.

Don haka ki yi haƙuri, ba bazawara za ki samu ba. In Allah ya yarda, idan mazan nan suka ƙara ƙwarewa, zan zo miki baƙunta ta 'yan kwanaki, in yi barci in dawo. Tun komawata gida ya ƙara sakina ban san sau nawa ba. Yanzu na daina musu, sai in ce to na ji, ya ɗaga hannu in sa masa riga. Dunduniyar ta warke, kuma ya fara mayar da jiki.

Shekaranjiya da safe muna zaune a baranda ina yanke masa farce, shi kuma yana kallon hannuna. Can sai ya tambaye ni, cikin ladabin nan nasa, ko ina da miji. Na ce ina da shi. Ya ce me yake yi, na ce kafinta ne. Ya ji daɗi sosai, ya ce sana'a ce mai albarka. Ya ɗan jima, sannan ya ce in na koma gida in gaya wa mijin nawa ya yi dace, ya riƙe ni da kyau, kuma kome ya faru kada ya kuskura ya sake ni. Na ce zan gaya masa. Na ƙarasa ɗan yatsan da ya rage da ƙyar, don hawaye sun hana ni ganin farcen sosai. Alƙali ya ce maganar Baban yara ba ta ɗaure kowa, amma wannan kam ta ɗaure ni.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, Allah ya ƙara masa lafiya da haƙurin zama da ke. Ki gaida Dogo da iyalinsa, da 'Yar Baba, da tagwayen jikokin nan da ban gani ba sai a hoto. Direba da Auta suna gaishe ki, Baba Ƙarami ma ya ce lallai in sa gaisuwarsa, ko da ba za ki amsa ba. Ki amsa, Yaya. Ki kuma riƙa sa mu a addu'a, Allah ya sa mu gama lafiya, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Wassalam.

Taki har kullum,
Ƙanwarki, matar Kafinta